Yadda Za Ka Zaɓa Wa 'Yarka Kwas Ɗin Hutu Ba Tare Da Ka Fahimci Komai Ba

Ɗan'uwa, in kana da 'ya a sakandare kuma jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, ta matso, gyara zama. Ni Badaru tela, mutumin Umbadda a Sudan, na bi matakan nan a kan 'yata Hanan. Ka bi su kai ma, na yi maka alkawari sai unguwa ta yi zancenka.

1. Shafa takardar talla

Kada ka karanta ta. Murza ta da yatsu kamar yadi. In tana da santsi, akwai ilimi. Tawa a kasuwar Umdurman aka cuso mini ita cikin raksha, keken nan mai ƙafa uku, da hoton wani saurayi yana nuna sama.

2. Je ka sha sanyi

Ka je ma'ahad ɗin, wato makarantar kwas ɗin, da rana tsaka. Ina shiga, na'urar sanyi ta bugi ƙeyata, na san wurin masana ne. Mai wurin, Ustaz Almahdi, ya ce suna koyar da "shugabanci da tunanin ƙarni mai zuwa". Kada ka tambayi ma'anarsa. Gyaɗa kai ka ce, "Tamam."

3. Kada ka saurari yarinyar

Hanan, mai kirana Yaba maimakon Baba, ta ce, "Yaba, kimiyya ce ke kayar da ni. Ka tambaye su wa zai koyar da ita."

Na ce mata shugaba ba ya irin wannan tambaya. Da na faɗi kuɗin kwas ɗin, uwarta Kubra ta zare awarwaronta na zinariya ta ajiye a gabana, ba ta ce uffan ba. Shirun mace, in ka tambaye ni, amincewa ce.

4. Kai ziyarar ba-zata

Bayan sati uku na leƙa ajin. Yara ashirin suna rubutu. A gaban allo, Hanan ce, hannunta fari fat da alli.

"Ke! Ina malamin?"

"Yaba, tun ranar farko aka ce yana hanya. Na gaji da zama, na buɗe littafi, sai suka kewaye ni. Yanzu dole in yi karatu a gida, don kada su ƙure ni."

Na tarar da Ustaz Almahdi a waje wurin mai shayi. Kafin in buɗe baki ya riƙe hannuna. "Mabruk, barka dai, Alhaji! Ka ga shugabanci ko?"

A nan, kada ka yi faɗa. Karɓi shayin.

5. Karɓi yabo

Da sakamako ya fito, kimiyya ce Hanan ta fi ci. Iyayen yaran nan har shago suke zuwa gaishe da "baban Ustaza". Ka sunkuyar da kai ka ce, "Sai da na yi bincike sosai."

Gargaɗi: in taka 'yar ta zauna tana shan sanyi ba ta buɗe littafi ba, babu ruwana, ban san ka ba. Kuma kada ka nuna wa Hanan wannan rubutu. Na gaya mata da gangan na yi.