Giwa Ba Ta Shan Mai

"Lafiya lau, sai dai gwiwa. Ke kuma wa ya mutu kika zo gaishe ni da sassafe haka?"

"Ba wanda ya mutu, Tsoho. Na zo ne in duba ko kana nan."

"Ina nan daram. Sai na ga furfurarki."

Yana zaune ne kan benci a bakin gareji, da tsumma a hannu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin safiyo, yana auna filaye da hanyoyi, kuma ban da ciwon gwiwa, abin da ya fito da shi daga aikin shi ne jif ɗin da ke bayansa: doguwa, ruwan toka, mai amfani da fetur, mai ja da ƙafa huɗu. Giwa yake kiranta. Wadda ta tsaya a gabansa kuwa jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, likitar dabbobi. Tun tana rarrafe suke tsokanar juna, har yau ba wanda ya gaji.

Ta ja wata tsohuwar taya ta zauna.

"Aron wannan akwalar taka na zo."

"Wace akwala? Ni ban da akwala. In keken gyaran da ke bayan gida kike nufi, ɗauka, na ba ki kyauta."

"Giwa nake nufi."

"To ki kira ta da sunanta. Ta girme ki, ta girmi uwarki a hankali."

Ta yi masa bayani a taƙaice. Wata cuta ta shiga shanun makiyayan da ke hayin kogi, maruƙa sun fara mutuwa. Jibi za ta kai allurar rigakafi. Motar wurin aikinsu tana hannun makanike, an sauke injinta. Wuri uku za ta tsaya, zagaye ne na kilomita ɗari huɗu, ɗari kawai ke da kwalta, sauran duk yashi ne da kwazazzabo. Daga ta bar gari kuma ba sauran gidan mai sai ta dawo.

"Shi ya sa nake tambaya," in ji ta. "Kilomita nawa take yi a lita ɗaya?"

"Goma."

"Tsoho."

"Goma na ce. Ranar da ranta ke daɗi, sha ɗaya."

"Ka ji tsoron Allah. Motar da in ka tayar da ita a nan, masu gidan mai na can suna yi wa juna barka?"

"Sharrin mahassada ne. Giwa ba ta shan mai, sunsunawa take yi. Na taɓa zuba mata rabin tanki na je ƙarshen ƙasar nan na dawo, har na tsiyaye saura na ba maƙwabci."

"A wace shekara? Kafin a ƙirƙiro ƙarya ko bayan nan?"

"Lokacin ubanki yana yawo ba wando."

"Bari in ga allurar man."

Ta miƙe ta leƙa ta tagar direba. Allurar tana tsaye a kan rabi daidai.

"Kin gani?" in ji shi daga kan benci. "Rabi. Tun wancan makon nake yawo da ita."

"Ranar da ka kai ni makarantar kwana, a nan allurar take. Shekara goma sha biyar ke nan."

"Ai shi ne nake gaya miki ba ta sha."

"Allurar ta mutu, Tsoho."

"Ba ta mutu ba, natsuwa ce. Ku 'yan zamani ba ku san natsuwa ba. Ke da kike duba lafiyar awaki, me kika sani game da inji?"

"Na san dabbar da ke ci da yawa in na gan ta. Wannan ko a tsaye take, cikinta ƙugi yake."

"Likitar awaki! Akuyar gidan nan da kika yi wa allura bara, kwana uku ba ta yi mini magana ba."

"Da ma hira kuke yi? Shi ya sa labaranka suka koma irin nata."

Ya yi kamar zai jefe ta da tsumman. Ba ta ko matsa ba.

"Ga abin da za mu yi," ta ce. "Mu je gidan mai mu cika tanki har baki. Mu je babbar gada mu dawo, kilomita arba'in ke nan cif. Mu sake cikawa. Abin da famfo ya nuna shi ne gaskiya. In goma take yi, lita huɗu za ta ci."

"Uku da rabi."

"To tashi."

"Ni zan tuƙa. Ƙafarki nauyi gare ta kamar ta ubanki."

"Tuƙa. Ka ga ba ka da abin fakewa."

Sai da ya taka totur sau biyar, ya shafa sitiyari, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, sannan Giwa ta tashi. Baƙin hayaƙi ya cika garejin, kajin da ke kiwo a bakin ƙofa suka watse.

"Wannan hayaƙin fa?"

"Gyaran murya ne."

A gidan man da ke bakin gari, mai zuba mai, wani magidanci mai furfura a gemu, ya taso da fara'a tun kafin su tsaya.

"Baba! Barka da zuwa. Jiya ba mu gan ka ba, har muna cewa ko lafiya."

Likitar ta juyo ta dubi kakanta. Shi kuma ya duƙufa gyaran madubi.

"Gaisuwa nake zuwa yi," ya ce. "Mutumin kirki ne."

Aka cika tanki har sai da man ya leƙo. Ta duba mitar tafiya ta rubuta lambar a tafin hannunta. Suka hau kwalta.

Tsohon ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya tura wuya gaba, ƙafarsa na taɓa totur kamar mai tsoron taka ƙwai. Babur ya wuce su. Motar itace ta wuce su. Can wani mai keke ɗauke da buhu biyu ya jera da su na ɗan lokaci, ya gaishe su, shi ma ya wuce.

"Tsoho, a haka rigakafin zai isa bayan shanun sun mutu da tsufa."

"Tuƙin manya ke nan. Rufe tagarki, iska na ja mana baya."

"Zafi fa?"

"Ki daure. Kuma ki daina numfashi da ƙarfi."

"In fita in tura ne? Sai mu ƙara samun sauƙi."

"Da kin kyauta. Abin da kika ci da safe ma ya isa ya kai mu gada."

Suka kai gada, ya juya a hankali, suka kamo hanyar gari. Duk inda hanya ta ɗan gangara sai ya cire giya ya bar motar ta sulale, yana satar kallon jikar ko ta lura. Ta kuwa lura. Sa'a ɗaya da rabi suka yi kafin su sake tsayawa gaban famfon da suka bari. Ta duba mita, ta duba tafin hannunta. Arba'in.

"A cika," ta ce wa mai zuba mai. "Har baki, kamar ɗazu."

Su biyun suka fito suka tsaya gaban famfo. Lambobi suka fara juyawa. Ɗaya. Biyu. Uku.

"Yanzu zai tsaya," in ji tsohon.

Huɗu. Biyar.

"Kai, malam, a ƙasa kake zubawa?"

"A tanki ne, Baba."

Shida. Bakwai. Famfo ya yi ƙas ya tsaya a kan takwas da ɗigo kaɗan.

Likitar ta naɗe hannu a ƙirji.

"Arba'in a raba takwas. Kai ne mai safiyo, lissafa mana."

"Famfon nan yana da matsala."

"Shi ne dai na ɗazu."

"To tayoyin ba iska."

"Kai ka ce mini kullum da safe kake duba su."

"Nauyinki ne. Tun da kika fara ɗaukar albashi kika zama buhu. Ni kaɗai in na shiga, Giwa ba ta ma san an hau ta ba."

"Da gaske, ai ba abin da ya rage a jikinka sai baki."

"Kuma iska tana gabanmu."

"Da zuwa ko da dawowa?"

"Duka biyun."

Mai zuba mai ya juya baya yana maida bututu, kafaɗunsa na rawa.

Ta bari suka koma cikin mota, ya matsar da ita gefe ƙarƙashin inuwar rumfa. Sannan ta yi magana, ba da muryar ɗazu ba.

"Kaka, biyar ke nan a kan kwalta, kana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Tankin lita casa'in yake ci. Rigakafin nan a cikin ƙanƙara zan ɗauke shi. In mai ya ƙare mini a daji, ƙanƙarar ta narke, maganin ya lalace, kuma ba za a sake ba mu wani ba sai bayan wata biyu. Wurin da zan tsaya na ƙarshe shi ne mai yawan shanu, kuma can ne ba layin waya. Gaya mini nawa take yi a yashi."

Tsohon ya maida idonsa kan gilashin gaba. Ya sa babban yatsa ya goge wani tabo a jikin sitiyari.

"Uku," ya ce. "In kin sa giyar da ke ja da ƙafa huɗu, uku. In yashin mai zurfi ne, ba ta kaiwa."

Ta yi lissafin a ranta. Lita ashirin a kwalta, ɗari a yashi. Da ta yarda da goman, da ta tsaya a daji kafin ta kai wuri na uku.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun makon da na saye ta."

"To me ya sa kake cewa goma?"

"Ubanki. Sau uku yana kawo mini dillali har gida. Wai tana cinye mini kuɗin fansho, wai in sayar in sayi wata ƙarama mai kama da kwanon sha. Ranar da ya ji biyar daga bakina, kashegari za ki ga garejin nan an zuba kaji." Ya dafa sitiyari. "Duk hanyar da za ki bi jibi, da ita na auna ta. Ba ta taɓa kwana da ni a daji ba."

"Ni ba dillali ba ce. Abin da ya shafe ni shanu."

"Ba za ki gaya masa ba?"

"In ya tambaye ni, zan ce ya tambayi allurar mai."

Ya dube ta ta wutsiyar ido. Sai ya buɗe ƙofa ya sauka, yana dafa gwiwa.

"Zo nan, Likitar awaki."

Ya zagaya baya, ya buɗe ƙofar kaya, ya ɗage wani tsohon tamfol da ke shimfiɗe bayan kujeru. Jarkoki uku ne na ƙarfe a kwance, kowace mai cin lita ashirin, an ɗaure su tamau da igiya, ga mazurari a gefe an naɗe shi cikin leda. Fentinsu ya goge a wurin riƙo saboda yawan ɗauka.

"Ki cika su duka. Kada ki taɓa ta farko sai kin bar wuri na biyu. In kin shiga yashi ki rage iskar taya kaɗan, kuma kada ki tsaya a tsakiya kina kallon tsuntsaye. In kin zo kwazazzabon da ke bayan kogi, ki bi ta hagu, ɓangaren dama yana cin mota."

Ta tsaya tana kallon jarkokin.

"Tsoho."

"Na'am."

"Mutumin da motarsa ke sunsuna mai, me yake yi da jarka uku?"

"Na taimakon jama'a ne. Akwai masu motoci marasa tarbiyya a hanya."

"Kaka."

Ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har sai da ya dafa ƙofar motar, tari ya biyo baya, mai zuba mai ma ya daina ɓoye tasa.

"To, na ji, tana sha! Tana sha kamar ba gobe. Amma ki sani, ko ta sha, tana kai mutum." Ya ciro makullin daga aljihu ya ɗora mata a tafin hannu, kan lambar da ta rubuta. "Ungo. Ke za ki mai da mu gida. Ki taka ta sosai, tun safe nake jin kunyar mai keken nan."