Ranar da Ruwan Alwala Ya Ƙi Fuskata

Girma ya fara kwashe mini abubuwa daga kai, har tabarau nakan nema alhali yana kan hancina, amma ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin walimar 'yar Hajiya Gambo ba. Na so in manta wallahi. Matan Kura ne suka ƙi ba ni haɗin kai.

Ni malamar Islamiyya ce, ta matan aure. Na daɗe ina wannan aikin, kuma duk wadda ta taɓa zama a ajina ta san ni da abu guda: tsarki. In aka zo babin alwala ba na ji ba na gani. Na sha kama hannun mace a gaban 'yan aji in ɗaga sama, in nuna janfarcen da ke yatsunta, in ce, "Ruwa ta ina ya shiga nan? Wannan sallar wa kike yi wa?" (Allah ya yafe mini, a lokacin gani nake aikin lada nake yi.)

A bazarar shekarar da abin ya faru mai zauren da muke karatu ya ce yana son abinsa, albasa zai zuba. Muka kwashe tabarminmu muka koma gindin wata darbejiya a bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani. Ga ƙarar injin ban ruwa, ga babura, ga masu ɗaukar kwandunan tumatir suna wucewa suna leƙenmu. Mazajen wasu suka fara cewa su matansu ba za su zauna a titi ba. Aji ya dinga raguwa, ga damina ta kusa, kuma na san ranar da aka yi ruwan farko makarantar ta watse ke nan.

To akwai wani sito a bayan gidan Hajiya Gambo mai injin casar shinkafa, babu komai a ciki sai tsofaffin buhuna. Na aika, na je da ƙafata, na sake komawa. Kullum amsarta ɗaya ce: "Za mu duba, Malama." Mace ce mai nauyin baki, ba ka gane inda ta dosa. Sai rannan ta aiko wai ni take so in yi wa'azi a walimar auren 'yarta. Nan na gane dubawar ce ta zo.

Ana saura mako guda sai ga wani abu ya faru da ya tsaya mini a rai. An ɗauki bidiyona a wani taron suna an saka a gurup ɗinmu na waya, sai wata ɗalibata ta yi kuskure, saƙon muryar da za ta tura wa ƙawarta ta turo shi gurup. Muryarta tar: "Kai, Malama fa ta tsufa! Kin ga wuyanta kuwa?" Ta goge da sauri, amma na riga na ji. Na saurara har sau biyu kafin ta goge, don in tabbatar.

Na ɗauki madubi na fita tsakar gida inda haske yake. Gaskiyar yarinya. Ranar Kura ta yi aikinta, ga tabo-tabo a kumatu, ga layuka a goshi da gefen ido. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Kuma na san walimar Hajiya manyan mata za su zo daga Kano, kowa da waya a hannu.

Akwai manhajar nan ta AI da ke wayata, wadda ake yi wa tambaya ta amsa. Da ita nake tsara darasi wani lokacin. Da hantsi, Malam maigidana ya tafi gonarsa ta Kadawa, na tura ƙofa na sa sakata kamar mai shirin aikata laifi, na ɗauki hoton fuskata na tura mata. Na ce shekaruna arba'in da 'yan kai. ('Yan kan nan sun haura goma.) Na ce ina son kwalliyar da za ta dace da babbar mace mai mutunci.

Ba zan zalunce ta ba, shawarar kirki ta ba ni. Ta ce kada in labta hoda, don hoda kwanciya take a cikin layukan fuska ta ƙara fito da su. Ta ce in fara da mai mai laushi, sannan fandeshan, wato hodar ruwa, kaɗan, wanda ya yi daidai da launin fatata, kada in ɗauko mai haske in koma kamar an watsa mini toka. Janbaki mai duhu-duhu, kwalli siriri, ban da ƙyalƙyali. Har da cewa fuskata tana da kwarjini. Na san kowa haka take gaya wa, amma na ji daɗi.

Sai na ƙara nawa sharaɗin, kuma nan ne na haƙa wa kaina rami. Na rubuta: "Garinmu akwai zafi, kuma ni mai zufa ce. Ina son wanda zufa ba ta wanke shi ko kaɗan." Ta lissafo mini irin waɗanda zan nema, har da wani abin fesawa da ake bi da shi a ƙarshe.

Na saka babban hijabi na tafi wani shagon kayan kwalliya can nesa da unguwarmu, na miƙa wa mai shagon waya ta karanta. Ta ɗauko, ta gwada mini a muƙamuƙi, ta ce, "Hajiya, wannan ko kanal kika faɗa ba zai fita ba." Ni kuwa na washe baki na ce, "Madalla, irinsa nake nema." Ni fa, malamar tsarki. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abin da zufa ba ta iya fitowa ta wanke, ruwan buta ba zai iya shiga ba.

Ranar walima na yi alwala, na yi sallar azahar, sannan na zauna gaban madubi na bi umarni ɗaya bayan ɗaya. Da na gama sai na tsaya ina kallon matar da ke ciki. Ni ce, amma ni ta shekarun baya. Malam ya shigo zai ɗauki hularsa, ya kalle ni, ya sake kallo, ya ce, "Ikon Allah. Wa'azin ne haka?" Na ce masa ya tafi gonarsa.

An kafa rumfuna a ƙofar gidan Hajiya, mata maƙil, dangin ango sun zo daga Bunkure mota-mota. Zafi kuwa ba a magana. Ina kallon hodar mata tana narkewa tana gangarowa, tawa ko gezau. Wata ta ce, "Malama, yau kin koma yarinya." Na ce, "Hasken imani ne." (Wannan ma Allah ya yafe mini.)

Wa'azin da na shirya a kan zaman aure ne, haƙuri da riƙon amana. Na fara da kyau. Sai idona ya faɗa kan ƙawayen amarya a layin gaba, da dogayen farata na kanti da gashin ido kamar tsintsiya. Tsohon halina ya motsa. Na ajiye zaman aure a gefe na shiga alwala. Na yi bayani, na yi faɗa, na ce duk abin da ya hana ruwa taɓa fata ya hana alwala, wadda ba ta da alwala kuwa ba ta da salla. Ina yi ina satar kallon Hajiya Gambo, tana zaune a kujerarta, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Wata ƙawar amarya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, don Allah ki ɗan gwada mana a aikace mana, mu gani da idonmu."

Ina da alwalata tun daga gida. Da na ce haka da shi ke nan, an tashi lafiya. Amma ga Hajiya tana kallo, ga wayoyi an ɗaga. Na ce a kawo buta.

Aka kawo buta da roba da kujera 'yar tsuguno, aka ajiye a tsakiyar fili. Wata ta riƙe mini makirfo a saitin baki. Na wanke hannu ina bayani, na kurkure baki, na shaƙa ruwa na fyace. Sannan na ce, "To ku lura da kyau, nan ne mata da yawa suke asara." Na cika tafin hannuna na kai fuska.

Ban ji sanyin ruwan ba. Abin da na fara lura da shi ke nan. Ruwan ya taru ƙwaya-ƙwaya ya gangare, kamar an yayyafa wa ɗanyen tumatir. Na ƙara wani, na cuɗa. Hannuna sai santsi yake kamar a kan leda. Na ƙara na uku, na cuɗa da ƙarfi har kumatuna suka yi zafi. Na duba tafin hannuna ko zan ga launi ya fito. Fes.

Sai yarinyar nan mai tambaya ta matso ta leƙa fuskata, ta ce, "Lah! Malama, ai wotafuruf ne."

Na ce, "Wota me?"

"Wanda ruwa ba ya shiga. Sai da mai yake fita."

Duk wannan a cikin makirfo aka yi shi, har masu shayi a bakin titi sun ji. Maganar mai shago ta faɗo mini a rai. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ɗaga murya ta ce, "To Malama, azahar ɗinki fa?" Na ce da alwalata na shafa, sallata tana nan. Wannan kaɗai na samu na riƙe, kuma har yau ina gode wa Allah a kansa.

Sai wata ɗalibata, baiwar Allah mai ƙaunata, ta miƙe ta ce, "Jama'a, ba ku gane ba ne! Da gangan Malama ta shafa don ta nuna mana illarsa!" Nan take wuri ya ɗauka. "Allahu akbar!" "Kai, wannan hikima!" Har da masu tafi.

Ga ƙofa an buɗe mini. Kai kawai zan gyaɗa in fita da mutuncina, wataƙila har da sito. Na kusa, wallahi na kusa. Amma ina tsugune gaban buta, ruwan alwala yana ɗiga daga haɓata, an kira salla, sai na ji ba zan iya ba. Na jawo makirfon na ce, "A'a. Ba da gangan ba ne. Don in yi kyau na shafa."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Amarya da aka ce kada ta ɗago kai, sai da mayafinta ya zame. Ni kuwa ina nan tsugune, na ce a raina shi ke nan, makaranta ta tafi, sai in je in fara sayar da ƙuli-ƙuli.

Sai na ji an kama hannuna. Hajiya Gambo ce. Ta ja ni har uwar ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta aika aka kawo man gyaɗa a murfin kwano da tsumma mai tsabta. Ta zaunar da ni a bakin gado ta shiga goge mini fuska da kanta. Kafaɗunta sai rawa suke, tana danne dariya. Na ce, "Hajiya, ki yi abarki, kowa ma ya yi." Ta yi kuwa, har da hawaye.

Da ta natsu sai ta ce, "Malama, kin san abin da ya hana ni ba ki siton nan?"

Na ce, "Allah ya bar sani, Hajiya."

"Tsoronki nake ji." Ta ci gaba da gugar goshina, ba ta kalle ni ba. "Ni ɗin nan da kike gani, Fatihata ma akwai gyara. Tun ina yarinya nake kan talla da awo, ban zauna a gaban malami ba. Na san in makaranta ta dawo bayan gidana dole in shiga. Sai in tuna an ce ke ba kya raga wa kowa, in ce matar nan za ta tsayar da ni a gaban masu yi mini shara ta tozarta ni." Ta matse tsumman. "Amma yau na ga ke ma mutum ce. Kuma an ba ki hanyar ƙarya kin ƙi bi."

Kunyar da na ji a ɗakin nan ta fi ta waje, don ta waje ta fandeshan ce, wannan kuwa ta halina ce. Ta ɗaga gefen katifa ta ɗauko mukulli ta saka mini a hannu, hannun duk mai. Ta ce, "A share shi gobe. Amma ni a baya zan dinga zama."

Na wanke da sabulu, na sake alwala, na ji sanyin ruwa ya ratsa ni har ƙashi, muka yi la'asar a ɗakinta. Na fito da fuskata ta asali, da layukanta da tabonta, tana ta ƙamshin ƙosai. Ban taɓa jin sakayau irin na yammacin nan ba.

Da na koma gida na buɗe waya na yi wa manhajar faɗa, na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta ce ban ambaci alwala ba. Na duba abin da na rubuta tun daga farko. Na ambaci zufa, na ambaci wuya, na ambaci manyan matan Kano. Salla ko sau ɗaya.

Ruwan farko a cikin sito ya same mu, muna jin sa a kan kwano muna karatu, Hajiya tana can layin baya da allonta a cikin hijabi. Bidiyon kuwa ya zaga har Madobi, kuma aji ya cika har muna ƙara tabarma a waje. Wasu na san fuskar suka zo gani, amma sun zauna.

Abin da na koya shi ne, na shekara da shekaru ina nuna wa mata na fi su sani, ko rumfa ban samu ba, ranar da suka ga na yi wauta irin ta kowa aka miƙo mini mukulli. Sai dai ba na ba wa wata malama shawarar ta bi ta wannan hanyar. Man gyaɗa yana shiga ido, kuma da zafi.