Maigadi da Karas

Wani maigadi ne a wani kamfani, idonsa ya fara yi masa wasa. Mota in ba ta zo daf da hancinsa ba, duk ɗaya ce a wurinsa. Rannan ya wangale wa motar kwasar shara get har da sara mata, mai kamfanin kuwa da ya iso a bayanta ya tsare shi a waje yana tambayarsa wurin wa ya zo.

Mai kamfani ya sauke gilashi ya ce, "Ka ji ni da kyau. Ka sake tsare ni a ƙofar kamfanina, ka ajiye min mabuɗina ka kama gabanka."

Hankalin mutumin naku ya tashi. Ya ji an ce karas na gyara ido, sai ya sayo kwando guda. Ya zauna a bakin get yana ta gurgurarsa ɗanye, ƙurus-ƙurus kamar zomo, yana korawa da ƙwayar ƙarfin ƙashi da aka ba shi saboda gwiwa. Muƙamuƙi ya gaji, ido na nan yadda yake.

Sai ya nufi wurin 'yar ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya. Ta saurare shi, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Kawu, ai wahalar da haƙoranka kake yi. Amfanin karas ba ya shiga jiki sosai sai an dafa shi ya yi laushi, an sa masa ɗan mai. Man ne ke rakiyarsa. Sannan ka daina haɗa shi da ƙwayar nan lokaci guda. In suka taho tare, ita ke tare masa hanya. Ka bar ɗaya ya wuce tukuna. Amma fa ka zo a duba idon, ƙila tabarau kake bukata."

Zancen tabarau ko ta kansa bai bi ba. Ya buga ƙirji ya ce, "Cunkoso ne a bakin ƙofa? Haba 'yar nan, ai sai ki ce min aikina ne ya taso!"

Tun daga ranar bakinsa ya zama get. Matarsa ta kawo dafaffen karas, ya ɗaga cokali ya juya shi dama, ya juya hagu.

Ya ce, "Ina ɗan rakiyarsa? Ban ga mai ba. Koma da shi, ba ya shiga!"

Ta ƙaro mai. Ya ce, "Yauwa. Wuce."

Ƙwaya kuwa ya ajiye ta a gefen faranti, ya nuna ta da yatsa. "Ke, tsaya nan. Akwai baƙo a ciki."

Can ya kira matar. "Zo ki sa kunne a cikina, ki ji ko ya wuce."

Ta ce, "Ni ban da ƙugi ba abin da nake ji."

"To yana fakin ne. Ta ƙara jira."

Kafin baƙon ya gama fakin, an sake kawo wani farantin. Safe karas, rana karas, yamma karas. Ƙwaya ta yi ta jira har ƙura ta hau ta. Gwiwa ta koma ƙara kamar tsohon ƙyaure, man girkin gidan ya ƙare ƙarƙaf, yara suka fara ɓuya in sun ji ƙamshin tukunya.

Wata safiya matar ta ƙwalla ihu. "Baban yara! Fentin wa ka taɓa?"

Ya kai hannu daf da hancinsa. Tafukan sun rine, sun koma ruwan lemo sak. Tafin ƙafa ma haka. Aka sa sabulu, aka sa soso, abu ya ce ina nan. Aka kira 'yar ƙanwar a waya, ta ce karas ne ya yi masa yawa, ba wata cuta ba ce, ya rage zai washe, kuma don Allah ya zo a gwada masa tabarau.

Shi ko sai tsalle, gwiwa na kuka. "Kin ji ko? Ya shiga! Ya kai hannu, saura ya hau sama!"

Ya tafi aiki yana ta washe baki. Bai jima da zama ba sai ga wata mota ta shawo kwana, ta nufo get. Ya ƙanƙance ido, bai ga komai ba sai wani dishi-dishi mai tafiya. Ya ɗingisa tsakiyar hanya, ya ɗaga tafukan nan biyu sama.

"Tsaya! Wurin wa aka zo?"

Gilashi ya sauka a hankali. Mai kamfani ne.

Ya ce, "Kai! Duk karas ɗin da aka ce ka cinye, har yanzu ba ka gani na?"

Maigadi ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ka faɗi gaskiya, daga ina ka hango hannuna?"

"Tun daga kwana!"

"To ka gani, rabin aikin ya kammala. Kai ka fara gani na, saura ni!"