Mai Gyaran Fanka Ya Koyi Gocewa

Wani ne mai gyaran fanka, Allah ya jarabce shi da son damben zamani. Ƙarfi kam akwai shi. Matsalarsa ɗaya ce: da an kaɗa ƙararrawa sai ya runtse ido ya afka wa abokin karawa kamar an kwance rago, hannuwa na wulwulawa, fuska a buɗe kamar ƙofar kasuwa. Duk naushin da aka kawo, da hanci yake tare shi. Wasa tara ya yi, sau tara ana ɗauko shi ranga-ranga.

Ran na taran ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa. Matarsa ta leƙo ta taga ta ce, "Bawan Allah, maigidan ba ya nan."

"Ke, ni ne fa!"

Ta ƙare masa kallo. "To wallahi ka sake kawo mini fuskar da ban sani ba, safar damben nan a murhu za ta ƙare."

Washegari gogan naka ya tafi wurin wani tsohon koci. Koci ya sa shi ya naushi buhun atisaye, buhu ya dawo ya make shi a baki.

Koci ya ce, "Afkawa ba laifi ba ce. Amma mai shiga jikin mutum shi ya fi kowa buƙatar gocewa. Lanƙwasa gwiwa. Hau kan yatsun ƙafa. Taku gajere, kada ƙafa ta haye ƙafa. Kanka kuma kada ya tsaya wuri ɗaya. Dama, hagu, kamar fankar da kake gyarawa."

"Koci, lamba ɗaya ko lamba uku?"

"Uku! Duk abin da ya nufo fuskarka, goce masa."

Shi ke nan, an gama da shi. Tun daga ranar mutumin nan bai sake taka ƙasa da dunduniya ba. A kan yatsu yake zuwa shago, yana tsalle-tsalle, kai na kaiwa da komowa. Maƙwabcinsa ya miƙo hannu su gaisa, ya sunkuya ya ɓullo ta bayansa ya ce, "Lafiya lau."

Ya je aski. Mai aski ya kawo kilifa, ya goce. Ya sake kawowa, ya goce. A na uku kilifa ta wuce ta kwashe rabin gashin bakin wani dattijo da ke gyangyaɗi a kujerar gefe.

A gida kuwa abin ya fi muni. Hannunsa zai ɗebo loma, da ta doso baki sai kai ya zille. Matar ta zuba tagumi tana kallon abinci na sauka a kafaɗarsa.

"Maigida, hannunka ne fa."

"Na sani. Ai shi ya fi sanin lagona."

Mako uku, mutum ya rame kamar tsinken tsintsiya.

Ranar wasa ta zo. Aka haɗa shi da wani ƙato da ake wa laƙabi da Guduma, wuyansa ya fi cinyar mutuminka kauri. Aka kaɗa ƙararrawa. Gogan naka ya afka kamar yadda ya saba, amma wannan karon yana shiga yana lanƙwasa. Guduma ya kawo dama, iska. Ya kawo hagu, iska. Ya tattara ƙarfinsa duka ya kawo wani na ƙasan haɓa, ya sami igiyar da ta kewaye filin, igiya ta dawo masa da shi.

Koci na ihu daga kusurwa, "Yauwa! Yanzu rama! Kai masa!"

"Koci, ina aiki!"

Aka tafi hutu. Koci ya kawo masa ruwa, ya goce. Ya kawo tawul, ya goce. Aka turo masa kujera, ya zagaye ta.

Zagaye shida Guduma na dukan iska, har 'yan kallon layin gaba suka fara cewa a bar shi, suna jin daɗin fifitar. A na bakwai ƙato ya tsaya, ya yi haki, ya yi layi, ya zube tim, ba wanda ya taɓa shi. Alƙalin wasa ya ƙirga goma. Wuri ya kaure da sowa.

Alƙali ya matso zai ɗaga hannun mutuminka, ya goce.

"Tsaya mana, kai ka ci!"

Ya goce.

Alƙali ya bi shi kusurwa, gogan naka ya ɓullo ta ƙarƙashin hammatarsa. Sau goma sha ɗaya suna zagaya fili, alƙali na tuntuɓe da Guduma a kowane zagaye. Da ransa ya gama ɓaci, ya ware yatsu biyar ya sharara masa mari, tas! Zakara ya faɗi sumamme kusa da wanda ya kayar.

Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, kunci ya yi suntum. Koci na tsaye a kansa kamar ya yi kuka.

"Kai! Naushi ɗari uku ka goce wa, ka tsaya wa mari ɗaya?"

Ya dafe kunci ya ce, "Haba koci, ai ba mu zo darasin mari ba tukuna."