Yadda Za Ka Gyara Agogon Nutso Har Mai Saye Ya Gudu

Ni ne Aƙilu na Buza, gwanin agogon masu nutso a teku, ko da yake ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga bai wuce gwiwa ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin sakamako irin nawa sak.

1. Samo agogon. Yi wa tsohon Bature mai dashen itatuwa a Keita tuƙi har ya tashi komawa gida. Zai cire na hannunsa ya ba ka, fuskar ta koɗe, gilashin duk zane. Yi godiya, amma a ranka ka ce rowa ce.

2. Yi alkawari. In labari ya zo cewa wani Bature mai tara tsofaffin agogo yana tafe takanas dominsa, sanar da matarka nan take. Ni cewa na yi, "Lalla, bana kin gama tarben ruwa cikin ɗaki, kwano za mu rufa." Alkawari ba ya cin hatsi.

3. Fita kunyar baƙo. Wa ke tarbar baƙo da tsumma? Kai agogon kasuwar Madawa wurin Tanimu mai gyara. A kankare fuskar a shafa fenti, a sa sabon gilashi. Kayan cikin nan masu wahalar da mutum a zubar, a sa na batir. Wata 'yar roba da ta tsufa a murfin, ita ma a yar.

4. Miƙa shi da hannu biyu. Baturen zai juya shi, ya buɗe, ya ajiye. Tafintansa zai tambaye ka, "Malam, mi kay yi mishi? Tsuhwan nan shi muka zo saye." Nuna musu yadda yake ƙyalli. Za su sha ruwa su tafi. Har gobe ina ganin rashin tarbiyya ne.

5. Jira damina. Taya Lalla jera kwanoni ƙarƙashin yoyo, kada ka yarda ku haɗa ido. Nawa agogon, wanda aka ƙera don gindin teku, ɗigon rufin ɗakina ne ya shige shi ya tsaya cik. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, babu hannuna. Mai ƙorafi ya zo gida ya same ni, amma ya taho da kwano, namu sun cika.