Takardar Siminti a Bakin Bututu

Ranar da na fara aiki a ƙarƙashin Oga Tizhe, a wani ginin shaguna a Lamorde, da diflomata ta lantarki na zo, kuma sai da na tabbatar kowa ya ji labarinta.

Mutumin nan ya yi shekara talatin yana ja wa gine-ginen Mubi waya, amma sai na ga ya cusa takardar buhun siminti a bakin kowane bututun da muka binne a bango. Na ce a raina, wannan ai ƙazanta ce! Yana tafiya Gella duba wani aiki, na bi takardun ɗaya bayan ɗaya na zare, har da shara.

Washegari magina suka yi filasta. Siminti ya shiga ya toshe bakin kowane bututu tam, waya ta ƙi wucewa.

Da Oga ya dawo, bai yi faɗa ba. Ya kara kunne, yana ƙwanƙwasa bango da gindin sukundireba. "Nan. Fasa." Wallahi ko sau ɗaya bai kuskure ba. Kwana uku guduma na hannuna.

Shekara shida ke nan. Har yau duk wanda ya gama cin ƙosai a wurin aiki sai ya miƙo min takardar ƙunshin ƙosan da hannu biyu: "Injiniya, ga aikinka."