Ranar da Mutum-mutumina Ya Kama Wuta Gaban Ferefe

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da ranar da ferefe, wato shugaban gundumarmu, ya zo makarantarmu a Filinge ba. Lokacin sojoji ke riƙe da mulki, ferefen ma kyaftin ne, mutum marar dariya. Ni ke koyar da kimiyya, kuma ni da ɗalibaina na ƙungiyar kimiyya mun haɗa wani ɗan mutum-mutumi mai shuka hatsi: batirin mota, injin goge gilashin mota guda biyu, da siraran wayoyin da na ciro daga tsohuwar rediyo. Daraktan makaranta ya ja mani kunne cewa in abin ya ba da kunya, a ranar za a rufe ƙungiyarmu.

Matsalar ɗaya ce, fis ɗin amfiya biyar da na sa sai ƙonewa yake da zarar taya ta shiga rairayi (aikin fis ke nan, ya ƙone ya katse wuta in ta fi ƙarfin waya). Maimakon in canza wayoyi masu kauri in ba kowane inji layinsa da fis ɗinsa, sai na yi irin ta direbobin Yamai: na je tasha na samo na amfiya talatin na cusa. Bai ƙara ƙonewa ba (har na yi wa kaina kirari a zuci).

Ferefe ya zauna, sojoji a bayansa da bindigogi. Na kunna. Abin ya yi tafiya kaɗan, ya zubar da iri, aka tafa, sai ya kafe cikin rairayi yana gurnani. Na ji ƙaurin roba. Wayoyin suka yi ja, hayaƙi ya turnuƙe, wani abu a ciki ya fashe da ƙara kamar harbi.

Na ji ƙarar ɗana bindigogi. Wallahi na sadaƙar ajalina ya zo. Ban san lokacin da na kwanta rub da ciki ba, hannaye a ƙeya, ina kalmar shahada ina rantsuwa cewa ba bam ba ne, kuma ina da ƴaƴa ƙanana. Da na ɗaga kai, ɗalibaina na tsaye cak suna kallona. Ni kaɗai ne a ƙasa.

Ferefe ya taso da kansa, ya fizge wayar batir, ya zaro fis ɗin, lafiyarsa lau. Ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci:

"Mushe, amfiya nawa ka sa mishi?"

"Talatin, ranka shi daɗe."

"Bisa wagga ƴar waya? To tashi, ka ɓata rigarka."

Ba a rufe ƙungiyar ba, ferefe ya ce a sake gwadawa. Amma har yau in na shiga aji da zancen lantarki, sai wani ya tambaya ko su kwanta tukuna. Na dai koyi darasi: fis daidai da kaurin waya ake zaɓensa, kuma in ka hana shi ƙonewa, kai ne za ka ƙone a madadinsa.